Yadda nake haɗa ƙaramin jirgin roba, in fesa masa fenti, in yi masa sitika a gida

Wanda ya tashi a Kaduna, balle wajen Mando ko Kawo, ba sai an ba shi labarin ƙarar jiragen soja ba. Muna yara in muka ji ta sai mu yar da motar karan da muke ja mu ɗaga kai sama, daga nan mu koma mu nemi kwali mu yanka namu jirgin. To ni dai abin bai sake ni ba har na girma, bambancin kawai yanzu na roba nake haɗawa, irin wanda yake zuwa a kwali gunduwa-gunduwa kai za ka haɗa ka yi masa fenti. Zan yi misali da Alpha Jet saboda sojojin samanmu suna da shi tun shekarun 1980, kuma in ka sayo kwalin yawanci alamun Faransa ko Jamus za ka tarar a ciki, ka ga dole ka koyi yin naka kore fari kore.

Sikeli shi ne abu na farko da za ka gani a jikin kwali. In an rubuta 1/72 ana nufin an raba girman jirgin gaske gida 72, wato mita ɗaya ta koma kamar milimita 14. Faɗin fukafukan Alpha Jet mita 9.11 ne, a hannunka zai zo santimita 12 da rabi da 'yan kai. Akwai 1/48 da ya fi girma, akwai 1/35 na tankoki da motocin yaƙi. Sabon shiga ya tsaya a 1/72 kuma ya nemi ƙaramin jirgi, kar zumuɗi ya kai ka ga C-130, babban jirgin ɗaukar kayan soja, wannan ko a 1/72 faɗinsa ya wuce rabin mita, ina za ka ajiye shi.

Kayan aiki

Kwalin jirgin kansa sai dai oda ta intanet ko saƙo wajen mai dawowa daga waje, kamfanoni irin su Airfix, Revell, Italeri, Tamiya duk suna yin jiragen roba. Sauran kayan mafi yawa a gari za ka haɗa su. Abin yanke farce sabo, reza ko wuƙar tiyata daga kemis, matsefata, tsinken sakace, audugar goge kunne, maƙalen shanya, robar ɗaure kuɗi, sirinji mara allura don auna fenti. Samfefa lamba 400, 600, 1000, in ka samu har 2000, wajen masu sayar da fentin mota ake samu, can ne kuma za ka sayi maskin tef da faraima na gwangwani, wato fentin share fage da ake fara fesawa. Gam kala uku: na roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, sai sufa gulu, sai farin gam na kafinta. Fenti kuma akrilik, wanda ake sirkawa da ruwa ko sifirit, shi ya fi sauƙin sha'ani a cikin gida. Sai kiliya, wato fenti mara kala, mai sheƙi da mara sheƙi. Sai takardar dikal, wato ta yin sitikar ruwa, ita ma oda ce.

Eyaburosh 'yar ƙaramar bindigar fenti ce kamar biro, kuma ba baƙuwa ba ce a garin nan, masu yin kek da masu kwalliya da wasu masu aski duk suna aiki da ita. Nemi mai kofi a sama, mai nozul 0.3, wato ɗan bakin da fenti ke fita, wadda in ka danna kunamar ƙasa iska ta fito, in ka ja ta baya fenti ya biyo. Kwamfaresa mai tanki ya fi, don iskarsa ba ta rawa kuma ko an ɗauke wuta kana tsakiyar feshi za ka iya ƙarasa layin da ka ɗauko. Dole ya zama da geji da matatar ruwa. In babu kuɗinsa, na yi shekara da tayar mota, mai faci ya cika min ita in sa regileta a baki, tana yi sai dai iskar na saurin sauka. Wasu kuma suna zuwa Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, a haɗa musu da injin tsohon firij. Yana aiki kuma ba shi da ƙara, amma yana tofo mai a cikin iska sai an sa matata, kuma in ba a sa wa tankin bawul ɗin da zai saki iska in ta yi yawa ba, kar ka yarda ka kai shi gida.

Takunkumi kuma ba na wasa ba, mai matata irin na masu fentin mota. Ƙyallen da muka riƙa sawa lokacin korona ba ya tare warin tina.

1. Wanke kayan, ka gwada kafin gam

Zuba ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke kaɗan a roba, ka wanke rassan robar da kayan ke maƙale a jiki, saboda wani lokaci akwai ɗan maiƙo daga masana'anta da yake hana fenti kamawa. Su bushe da kansu. In za ka cire abu kar ka murɗa shi da hannu, yanke shi da abin yanke farce nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka bi ragowar da reza da samfefa. Kuma kar ka cire komai lokaci ɗaya, lambar kowane abu a jikin reshen take, in ka zube su duka a faranti ka shiga uku. Duk abu biyu da za su haɗu, fara haɗa su haka nan ba gam ka ga ko sun zauna.

2. Cikin jirgi da nauyin hanci

Kujerun matuƙa da allon gabansu ana yi musu fenti da ƙaramin buroshi tun kafin a rufe gangar jikin, don in ka rufe hannu ba zai shiga ba. Ga abin da kusan kowa ke mantawa: jirgin da yake da taya a hanci, in ba ka sa masa nauyi a gaba ba, ranar da ka gama ka ajiye shi sai ya zauna da wutsiya hanci a sama kamar agwagwa. Boris ɗin keke ko 'yar dalmar da ake maƙalawa a rim ɗin mota sun isa. Haɗa jirgin da tef, ɗora shi a kan fensir daidai inda tayoyin baya za su tsaya, ka yi ta ƙara nauyi har hanci ya rinjaya, sannan ka kafe su da farin gam.

3. Haɗawa da toshe tsaga

Gam ɗin roba ba liƙewa yake yi ba, narkar da robar yake yi ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Saboda haka ka haɗa su tukuna, ka ɗan taɓa bakin buroshin a kan layin, gam ɗin zai bi tsagar da kansa, ka matse, ka ɗaure da robar kuɗi ko maƙalen shanya. Kar yatsanka ya kusanci layin a lokacin, in ba haka ba zanen yatsanka zai zauna a bayan jirgin kamar ka je yin rajistar zaɓe. In ba ka da wannan gam sufa gulu zai yi, amma da tsinken sakace za ka ɗiga shi, ba daga bakin kwalba ba.

Kwana ɗaya ka bar shi. Washegari ka bi layin haɗin da samfefa 400 jiƙaƙƙiya, sai 600, sai 1000. Inda rami ya rage, ɗiga sufa gulu ka barbaɗa masa bekin soda, nan take zai daskare, amma ka goge shi a lokacin don in ya kwana ya fi robar tauri, sai ka cinye jikin jirgin shi yana nan. Fotin masu gyaran mota ma yana yi in shafa kaɗan ne, in ka labta da yawa yana cin roba.

Gilashin matuƙi kuwa, farin gam kawai. Sufa gulu yana fitar da wani tururi da yake mai da shi fari fat kamar mai yanar ido, kuma gyaransa wahala ce. Rufe gilashin da ƙananan yankan maskin tef, ka bar firam ɗinsa kawai a buɗe.

4. Faraima

Goge jirgin da ɗan sifirit don maiƙon hannu, soka masa tsinke ko waya ta bututun hayaƙi ka samu mariƙi. Faraima ruwan toka ya fi, don shi ke tona asirin duk wani layi da ba ka goge da kyau ba. In na gwangwanin mota ne, ka tsaya nesa kamar taƙi ɗaya da rabi, ka wuce da sauri, sama-sama sau biyu ko uku. Yana da zafi, in ya taru wuri ɗaya zai yamutsa robar. Fara gwadawa a kan reshen da ka gama cire kaya.

5. Sirka fenti da feshi

Nan ne mutane ke karaya, kuma mafi yawan lokaci ba laifin eyaburosh ba ne, kaurin fenti ne. Ana so ya zama kamar madarar gari da aka dama ba kauri, in ka ɗiga a jikin kofi ya gangara ya bar ɗan launi a bayansa. Ni daga rabi fenti rabi abin sirki nake farawa, sai in gyara. A wani murfi daban nake damawa, ba a cikin kofin bindigar ba. Ka kuma san fentinka: akrilik ɗin Tamiya yana shiri da sifirit, amma irin su Vallejo in ka zuba musu sifirit sai su kama jikinsu su yi gudaji kamar kindirmo, su ruwa mai tsabta ko nasu abin sirkin suke so. Fentin tubu na masu zane yana feshuwa in an sirka shi sosai an tace da tsohuwar safar mata mai shara-shara, sai dai ba ya kama roba sai da faraima. Tinar mota kuma wanke bindiga kawai nake yi da ita, ba ta taɓa jikin jirgi.

Sa gejin iska tsakanin PSI 15 da 20. Nisan bakin bindiga da jirgi kamar faɗin tafin hannu. Ka'idar hannu ɗaya ce: iska ke fara fita, ita ce kuma ta ƙarshen tsayawa. Danna, ja baya a hankali, wuce, mayar da kunamar gaba, sannan ka saki. Fara feshin a waje da jirgin ka ƙare a waje, hannu na tafiya kar ya tsaya. Kafin ka taɓa jirgin ka sayi cokulan roba na tek-awe guda goma ka ɓata su, ka yi layi, ka yi ɗigo, ka rubuta sunanka. Shafin farko zai yi kamar ba ka yi komai ba, faraima na leƙowa, haka ake so. Na uku ko na huɗu ne zai rufe. Mai son ya rufe a shafi ɗaya shi ne fentinsa ke zubar da hawaye ya cike duk 'yan layukan da aka zana a jikin jirgin.

In ka ga fentin ya watsu kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa ko ka matso kusa. In yana tofi, ya yi kauri ko ya bushe a bakin allurar da ke cikin bindigar, goge ta da audugar kunne mai sifirit. In kofin na kumfa, nozul ya toshe ko bai ɗauru ba.

Sai maganar yanayin garinmu, wadda ba za ka ji ta a bidiyon Turawa ba. Da hunturu iska a bushe take ƙayau, fentin yana bushewa tun a hanya kafin ya sauka, sai ka shafa jirgin ka ji shi kamar samfefa. Maganinsa ka rage iska, ka matso kaɗan, ka ƙara abin sirki. Ga ƙura kuma, wadda ko ka rufe taga sai ta shigo. Ni nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin in fara, kuma da na gama shafi sai in kife jirgin da babbar robar ajiye abinci. Da damina, wajen Agusta, matsalar ta juya: ruwa ke taruwa a tiyo, kana cikin feshi mai kyau sai bindiga ta tofo maka ɗigon ruwa a tsakiyar fiffike. Zubar da ruwan tanki da na matata kullum kafin ka fara, kuma kar ka fesa kiliya ranar da hadari ya haɗu, yana iya yin hazo-hazo. Kusa da taga ake feshi, ba inda yara ke kwana ba, kuma in ba wuta kar ka kunna kyandir ko fitilar kananzir kusa da tina.

6. Launin ɓad-da-kama

Nemi hotunan jirgi guda ɗaya mai lamba ɗaya ka bi shi, don fentin ba iri ɗaya ba ne a kowane jirgi da kowane zamani. Fara da launi mai haske, ƙasan jirgin tukuna, sannan ka hau zuwa masu duhu. Kowane launi ya kwana kafin ka ɗora masa tef. Tef ɗin masu fentin mota yana da ƙarfin kamu, manna shi a bayan hannunka sau biyu ya rage kaifi, in ba haka ba zai taso da fentin har faraima. In kana son bakin launukan ya yi laushi kamar na gaske, yanka takarda a siffar da kake so, ka ɗaga ta kaɗan daga jikin jirgin da naɗaɗɗen tef a ƙasa, ka fesa daga sama a tsaye.

7. Yin sitikar ruwa

Dikal wata siririyar fata ce a kan takarda, in ta jiƙa sai ta sulluɓe ka ɗora a jikin jirgi. Takardar iri biyu ce ta fuskar launi, akwai garai-garai akwai fara, kuma iri biyu ce ta fuskar firinta, ta mai tawada da ta leza. Kar ka sa ta mai tawada a firintar leza, zafin na iya narkar da ita a cikin injin mutane.

Babban abin da za ka riƙe shi ne firinta ba ta buga fari, farin takarda take dogara da shi. Ka ga alamarmu zobe ne kore, fari a tsakiya, sai ƙwayar kore, ga tuta a wutsiya. In ka buga a takarda garai-garai, inda fari ya kamata ya fito launin jirgin ne zai leƙo, koren ma sai ya dushe a kan fenti mai duhu. Hanya biyu ce. Ko ka buga zobe da tuta a farar takarda ka yanke daidai bakin koren, ko ka fara fesa farin da'ira a jikin jirgin sannan ka ɗora garai-garai a kai. Baƙin rubutu irin NAF, wato taƙaitaccen sunan rundunar sojan samanmu, da lambar jirgi, wannan a garai-garai ake yi.

Zana su a CorelDRAW ko Inkscape, na biyun kyauta ne. Kar ka kwafo hoto daga intanet ka ƙanƙance, bakinsa zai yi zago-zago. Don girma, auna alamun da suka zo a kwalin da rula, ka kwatanta da hoton jirgin, ka rubuta adadin milimita. Kowace alama ka yi ta uku-uku, don sai ka ɓata wasu. Fara bugawa a takardar banza, ka yanka ka ɗora a jirgin ka gani. In a bizines santa za ka buga, tsaya a kan yaron ka ce masa girma ɗari bisa ɗari. Ni an taɓa cika min shafi da su, na dawo gida na tarar da zobe ya fi fiffiken faɗi, takardar da na jira ta sati uku ta tafi a banza.

In firintar tawada ce akwai dabarar tsimi: buga a takardar banza, yanko ɗan guntun takardar dikal ka manna shi da tef daidai kan wurin da zanen ya fito, ka mayar ka sake bugawa. Tawada ba ta jure ruwa, don haka ka bar ta ta kwana, sannan ka fesa kiliya sama-sama sau biyu ko uku, kana bari yana bushewa a tsakani. Na farkon in ya jiƙe da yawa koren zai zubo cikin farin. Kuma bayan ka yanka, ruwa na iya shiga ta gefen, shi ya sa ba a barin ta ta daɗe a kofi.

In takardar ta gagara gaba ɗaya, zobe da tuta ana iya fesa su. Yanka da'irori a maskin tef da kamfas ɗin lissafi da ka ɗaura wa tsinin reza, fesa fari, rufe zoben tsakiya, fesa kore. Wallahi in hannunka ya faɗa ya fi sitika kyau. Rubutu kuma a buga da leza a takardar banza, ka manna salatef garai-garai a kai ka murza sosai, ka jiƙa ka goge takardar da yatsa, baƙin zai zauna a jikin tef ɗin. Yana da kauri a 1/72, ana ganin bakinsa, amma ya fi babu.

8. Manna sitika

Kar ka manna a kan fenti mara sheƙi. Fuskarsa tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ta maƙale a ƙarƙashin fatar, sai gefen rubutun ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Fesa kiliya mai sheƙi tukuna ya kwana. Tsoma sitika ɗaya a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 15, fito da ita ka ajiye a kan tishu ta ƙarasa sakin jiki. Jiƙa wurin da za ta zauna, kawo takardar kusa, ka tura fatar da jiƙaƙƙen buroshi. Kar ka ɗaga ta da yatsa, naɗewa za ta yi. In ta zauna daidai, mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Akwai ruwan Micro Sol da ke laushe ta ta bi lanƙwasar jiki, in ka shafa za ka ga ta yamutse, kar ka taɓa, da kanta za ta miƙe. In babu, farin binega da aka sirka da ruwa yana ɗan taimakawa. Wadda ta ƙi kamawa kuma ka sa mata ɗigon farin gam mai ruwa a ƙasa.

9. Tsufa da rufewa

In sun kwana, goge tabon ruwa, sake fesa kiliya mai sheƙi a kansu. Sai ka dama fentin mai na masu zane, baƙi da ruwan ƙasa, da farin tafentain har ya zama kamar ruwan shayi, ka taɓa shi a layukan jikin jirgin ya bi da kansa, bayan ɗan lokaci ka share na saman. Garin bakin fensir yana ba da baƙin hayaƙi a bayan inji. Kaɗan dai, jirgin soja ne ba motar itace ba. Daga nan kiliya mara sheƙi, sannan ka cire tef ɗin gilashi, ka sa tayoyi da ƙananan tarkacen da ka ajiye gefe. Eriya in ta karye, riƙe guntun reshen roba a saman kyandir har ya yi laushi, ka janye shi daga wutar ka ja, zai miƙe siriri kamar gashi.

Bindigar kuma kar ta kwana da fenti ko sau ɗaya. Fesa abin sirki har ya fito garau, zare allurar a hankali ka goge, don in tsininta ya lanƙwashe feshinka ya karkace ke nan. Nozul ɗin bai kai ƙwayar shinkafa ba kuma da ɗan ƙarfi kaɗan yake tsinkewa, a kan faranti nake kwance shi don in ya faɗi a siminti sai dai wani. Jirgin kuma ka kai wa masu aikin gilashi da alminiyam awonsa su yanka maka ɗan akwati, ko ka sa shi a shokes mai makulli, sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Nawa na farko a kan talabijin na ajiye shi, hunturu ɗaya ya koma ja, aka zo share shi da tsumma aka haɗa da tayar gaba.